Idan an keɓe fili don shaƙatawa, me zai hana a yanka shi gobe?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Majalisar ƙaramar hukuma takan zauna ta yanke shawarar cewa wani filin gwamnati ya zama wurin shaƙatawar jama'a, ba za a yi gini a kansa ba. Tambayata ita ce, tunda majalisa ce ta yanke, me zai hana wadda za ta gaje ta ta soke shawarar, ta yanka filin fuloti-fuloti idan ya yi daraja?

Tsohon Ma'aikacin Safiyo:
Wa alaikumus salam. Malam, ƙudurin majalisa shi kaɗai ba ya tsare fili, domin hannun da ya rubuta shi ne zai iya gogewa. Sai an auna filin, an kafa alamun iyaka, an shigar da shi taswirar tsarin gari, sannan, wanda ya fi duka muhimmanci, an ɗauke ikon sokewa daga hannun waɗanda suka keɓe shi. A jihar New York ta Amurka, birni ba ya iya mayar da filin shaƙatawa wani abu daban sai majalisar dokokin jiha ta amince. A Berlin kuwa mazauna birnin ne suka ɗaure hannun hukuma. An rufe filin jirgin sama na Tempelhof a 2008, aka buɗe wa jama'a shi a 2010, kuma da hukuma ta nemi gina gidaje a gefensa, sai suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama a 2014 wadda ta hana ginin. Har yanzu ana ja-in-ja a kan dokar saboda ƙarancin gidaje, amma ba a iya taɓa filin a ɓoye.

Malamar Tarihi:
Na yarda da bayanin Baba, sai dai da wuya a sami filin da ba kowa a kansa, ko da takarda ta ce haka. Kafin a gina Central Park, babban filin shaƙatawa na birnin New York, akwai unguwar Seneca Village a wurin, wadda yawancin mazaunanta baƙaƙen fata ne, wasunsu masu mallakar filayensu, kuma an tashe su a 1857. Saboda haka kafin a yi murna, a tambaya su wa ke noma ko kiwo ko kwana a wurin, kuma wace diyya aka tanadar musu.

Injiniyan Ruwa:
Filin da ke yi wa gari aiki shi ne ya fi wuyar ƙwacewa. Birnin Curitiba na Brazil ya mayar da bakin kogunan da ke ambaliya wuraren shaƙatawa, kamar Barigui a 1972, ta yadda idan ruwa ya cika sai ya malala kan ciyawa maimakon gidajen mutane. Wanda aka bari ba kasafin kula da shi kuwa yakan zama juji, daga nan hujjar sayarwa ta samu.

Mai Neman Sani:
Na gode muku. Baba, idan alamun iyakar ne suka ɓace bayan shekaru, taswira ce ke raba gardama ko shaidar maƙwabta?