Musayar Waƙa: Begen Kaka, Manomi, Masunci, Maharbi

Babban Jika, daga Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwana 40 da rasuwar Kaka, mai shekara 90 da ɗoriya. Ya ga ƙauyenmu a lardin Kano, ya gan shi a jihar Kano daga 1967, ya gan shi a Jigawa daga 1991, bai taɓa yin ƙaura ba. Na buɗe da ƙwar huɗu, amsa-amo "wa". Kowa ya ɗora abin da ya sani.

Bismillahi da shi nake farawa,
Sarkin da ke bayarwa yana karɓewa,
Salati ga Manzo ba na gazawa,
Yau Kaka za mu yi wa begen rabuwa.

Zamanin Sarki Usmanu aka haife shi,
Haruna ya hau yana jin ƙarfin ƙashi,
Maje da Adamu duk sun riske shi,
Sarki huɗu a Haɗeja, gonarsa ba ta sauyawa.

Ya kai gyaɗa bisa jaki Malam Madori,
Inda jirgin Nguru ke kwasa da sauri,
Fam da sule a lalita ya yi musu ɗauri,
Tun kafin naira ta yi shirin fitowa.

Gwaggo:
Wa alaikumus salam ɗana. Kai ka ɗauko ta daga kasuwa, ni daga tsakar gida zan kama. Ina 'yar shekara 9 lokacin farin 1973, kuma ban manta komai ba.

Shekarar da gero ya tsaya bai fid da kai,
Rumbu wayam, ba zangarniya a kai,
Maƙwabta suka ɗaura kayansu a kai,
Suka yi Kano, Baba ya ce ba ya guduwa.

Da sassafe zai ɗau sungumi da sanda,
Ya bi busasshen tabki yana duba inda
Laka ta tsage, ya yi ta tono har ya tadda,
Kwance a naɗe can ƙasa, ƙatuwar gaiwa.

Mun ci bado, mun gwagwiyi goruba,
Kwaɗon tafasa ne kalacinmu na asuba,
In ya samo kifi sai ya zauna ya raba,
Kason marayu shi yake fara cirewa.

Akushinsa kullum yakan dawo da saura,
Ya ce da Inna, ba yaran nan su ƙara,
Sai da na girma na yi 'ya'ya na lura,
Yunwa yake ji, ƙoshi kawai yake nunawa.

Ɗan Amininsa:
Yaya, kin sa ni hawaye. Mahaifina da Baba tare suka yi su tun suna samari, ni ne mai riƙe musu ƙwarya. Ga yaran da ba su sani ba: da aka gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, ambaliyar da ke cika fadama ta ragu, ruwan da ake sakowa da rani ya hana magudanai bushewa, daga nan kacalla, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta samu wurin zama.

Bisa gora yakan kwanta ya ratsa gulbi,
Koma a hannu, ya san inda tarwaɗa ta bi,
Da kaka ka same shi gona wurin girbi,
Da ɗari yana dawa bin sawun barewa.

Dā ruwa yakan zo ya koma kan lokaci,
Ya bar laka ga manomi, kifi ga masunci,
Da aka tare shi a Tiga sai ga ƙunci,
Kacalla ta toshe mashigi tana yaɗuwa.

Jan-baki ya sami gida cikin kacalla,
Ya sauko wa shinkafa, mai ita na ƙwalla,
Baba da majajjawa tun an idar da salla,
Yana kora har muryarsa na dusashewa.

Ɗan ƙaramin kifi in ya faɗa komarsa,
Sai ya zare shi a hankali da yatsarsa,
Ya mai da shi ruwa, ya ce da yaransa,
Wannan rabon baɗi ne, a bar shi da rayuwa.

Jikanya:
Ban iya waƙa kamar ku ba, amma angona ne, dole in ce wani abu.

Amaryata yake ce min in na shigo zaure,
Ya zaro min kanya da 'ya'yan ɓaure,
Ya nuna min Kaza da 'ya'yanta da dare,
Ya ce in ta ɓuya, damina na matsowa.

Shamuwa in ta sauka kan kukar gida,
Ya ce a gyara sungumi, iri a fidda,
Bana ta zo ta yi sheƙarta kamar yadda
Ta saba, mai yi mata maraba na cikin kushewa.

Gwaggo:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa.

Baffa Auta, daga gida:
Amin Yaya. Ku yi haƙuri, sai yanzu na samu caji. Ni na zauna da shi har ƙarshe. Ranar da zai cika, bayan Asuba, abin da ya tambaye ni shi ne ko an gyara jinkar rumbu.

Bindigar toka na nan rataye a ɗaki,
Ga kwari da baka, ga tsohon warki,
Shekara 30 ke nan ba ta fita aiki,
Tun da ya ga gada da barewa na ƙarewa.

Ba ya harbin mai ciki ko mai ɗa a baya,
Ba ya cinna wa daji wuta don gafiya,
In ya samo biyu, maƙwabci na da ɗaya,
Cinya ga mai unguwa, romo ga kowa.

Da ɗari in tsuntsaye sun taso daga Turai,
Su sauka Baturiya, ya san baƙin sarai,
Ya ware su da dinya 'yar gida sosai,
Baƙon da ya sha hanya, in ji shi, ba a korewa.

Ambaliyar 2022 da ta ci garinmu,
Idonsa ya yi rauni, muka sa shi a jirginmu,
Dare ya yi, hanya ta ɓace wa matuƙinmu,
Shi ya ce, bi dama, akwai giginya tana zuwa.

Muka karkata dama, ga giginya a tsaye,
Daga ita sai tudu, muka fita duk a raye,
Mata da yara, jikoki da iyaye,
Ya taɓa ruwan da hannu, ya ce ya kusa janyewa.

Babban Jika:
Baffa, wannan labarin giginyar ban taɓa jin sa ba sai yau.

Na haddace kogunan da ke faɗin duniya,
Ban san mashigi ɗaya ba a Baturiya,
Sau nawa ya ce, zo in nuna maka hanya,
Ina cewa sai hutu, har ya yi tafiyar da ba dawowa.

Baffa, abin da ka ɗauka gare shi ka ba ni,
Sunan kifaye, da sawun dabba da rani,
In zo da ɗana domin shi ma ya gani,
Yaushe ne shuka? Ka faɗa min ranar zuwa.

Baffa Auta:

Daren jiya an yi ruwa, danshi ya kai kamu,
Irin geron da ya zaɓa na cikin rumbunmu,
Ka taho Juma'a, Asabar mu fita gonarmu,
Ni da sungumi a gaba, kai da ɗanka kuna binnewa.