Musayar Waƙa: Dodgers daga Buruklin zuwa Los Anjalis

Baba Na-Buruklin

Assalamu alaikum. Fagen wannan makon na ƙungiyar besbol ta Dodgers ne. Kowa ya kawo ranar da ta tsaya masa a rai cikin tarihinta, amma a waƙe. Na buɗe da ƙwar biyu.

Da sunan Allah na ɗauki alƙalami,
In waƙe Dodgers, gidan abin tunawa.

A 1883 aka kafa ta,
Buruklin ta Niyok ce wurin tasowa.

Filin Ebbets a 1913 ya buɗe,
Matsattse ne, amma ya iya ɗaukar sowa.

Cikin ranakunsa akwai guda da na zaɓa,
15 ga Afrilun 1947, ba ta gogewa.

Kusan shekara 60 ƙofa na garƙame,
Baƙin mutum ko ya fi kowa, ba shi shigowa.

Branch Rickey, shugaban ƙungiya, ya kira Jackie Robinson,
Ya gindaya sharaɗi mai wuyar haɗiyewa:

A zage shi, a ture shi, a taka shi,
Ya yi gum da bakinsa, ban da ramawa.

Ya yi kaka guda a Montreal ta Kanada,
Sannan ya zo Ebbets, duniya na dubawa.

Ya tsaya a zangon farko da lamba 42,
Har cikin abokan wasansa akwai masu gujewa.

Otal ya hana shi ɗaki, an kai masa ƙarfen takalmi,
Wasiƙun barazanar kisa suna ta isowa.

Shi kuwa amsarsa na ga sanda da ƙafa,
Ya buga, ya sace zango, ba a iya tarewa.

Ƙarshen kaka shi ne gwarzon sababbin shiga,
A 1949 gwarzon gasa, ba mai musawa.

Lambar nan an jingine ta tun 1997,
Ba ƙungiyar da ke ƙara bai wa kowa.

Ƙanwar Zaure

Baba sannu da ƙoƙari, waƙa ta yi daɗi. Ni sabuwa ce a wasan nan, a taimaka mini da zango da satarsa kafin a yi nisa.

Baba Na-Buruklin

To 'yata. Majefi ya jefo ƙwallo, mai sanda ya buga ya ruga. Zango uku ne a gabansa, na huɗu shi ne gida, wanda duk ya zagayo ya taka gida ya kawo maki ɗaya. In ƙwallo ta haye katanga, shi da duk wanda ke kan zango sun dawo gida kyauta. In aka fitar da mutum uku sai a yi musanya, zubi 9 ake yi. Satar zango kuwa ita ce ka ruga na gaba tun majefi bai gama sakin ƙwallo ba. Inda muka ce kofi, World Series muke nufi, wanda ya riga cin wasa 4 cikin 7 shi ya ɗauka.

Malama Mai Alli

Baba ka faɗi gaskiya, ka kyauta,
Amma akwai wadda baitinka ya manta,
Rachel ce, matarsa, a ambace ta,
Ita ta riƙe gida lokacin shan wuya.

Tana zaune cikin 'yan kallo,
Tana jin zagin mijinta kan ƙwallo,
Darasin haƙuri ne, ba na kan allo,
Ta koma gida ta yi jinyar zuciya.

Ya rasu a 1972, bai tsufa ba,
Shekara 53, ciwon suga bai bar shi ba,
Ita kuwa ba ta naɗe hannu ba,
Ta kafa gidauniya, ɗalibai na samun hanya.

Bayansa Campanella ya shigo fili,
Mai cafke jifa, gwani na asali,
Newcombe majefi ya zo da nasa hali,
Buruklin ta tara maza, ta cika ƙungiya.

Kawu Na-Boronks

Yaya, ni na Yankees ne, ka sani,
Ban zo da zambo ba, tarihi zan ƙara.

A 1941 muka haɗu a wasan kofi,
Mu muka ɗauka, ku kuka koma jira.

1947 da 1949 haka aka maimaita,
1952 da 1953 ba abin da aka gyara.

Sau 5 kuna isa bakin rijiya,
Igiya ta tsinke, ku koma ku sake ɗaura.

"Sai baɗi" ya zama taken mutan Buruklin,
Kowace kaka da shi ake rufe shekara.

Wanda ya fi ciwo ba ma hannunmu ba ne,
Giants ne a 1951 suka kwashe abin da kuka tara.

A Agusta kun ba su ratar wasa 13,
Suka biyo ku a guje, ba hutu ba saurara.

Ran 3 ga Oktoba Branca naku ya jefa wa Thomson nasu,
Ƙwallo ta haye katanga, Polo Grounds ya ɗau ƙara.

Duk da haka baɗi ta yi, kun cika fili,
Irin wannan riƙo, ko abokin hamayya ya sara.

Baba Na-Buruklin

Ƙanena ka ƙirga biyar ka tsaya nan,
Bari in kai ka 1955, ka tuna.

Kun ci biyun farko, muka ci uku a jere,
Kuka rama na shida, aka zo babbar rana.

Ran 4 ga Oktoba, wasa na 7, a gidanku,
Johnny Podres ɗan shekara 23 ya yi suna.

Gil Hodges ya kawo maki biyu da sandarsa,
2 da 0, amma a kaba da sauran rina.

Zubi na 6, mutum biyu naku na kan zango,
Ba wanda aka fitar, Yogi Berra ya auna.

Ya yanko ƙwallo can kusurwar hagu,
Inda ba kowa, Boronks ta fara murna.

Sandy Amorós ɗan Kyuba, shigarsa ke nan,
Ya kwaso gudu, shi da ƙwallo sai sun gana.

Bahago ne, safar cafka na hannun dama,
Ya miƙa ta iya tsawo, ƙwallo ta faɗa ta zauna.

Da a hagu safar take, da wuya ta kai,
Allah ya tsara, wa ya isa ya hana?

Ya juya ya jefa wa Reese, Reese ga Hodges,
McDougald bai komo zango ba, an gama magana.

Podres ya ƙarasa bai ba ku ko maki ba,
Daren nan Buruklin a kan titi ta kwana.

Shi ke nan kofin Buruklin, guda ɗaya tak,
O'Malley mai ƙungiya ya kwashe ta sai Los Anjalis, har da suna.

24 ga Satumban 1957, wasan ƙarshe a Ebbets,
A 1960 aka rushe shi, abin na nan a raina.

Yau dogayen gidajen haya ne a wurin,
In na bi ta gefensu sai in ji ƙuna.

Ɗan Auta Na-Yamma

Baba na ji ƙunarka, ban raina ta ba,
Amma Dodgers ba ta mutu ba don ta sauya gari.

Roy Campanella, gwarzon gasa har sau 3,
A Janairun 1958 a mota ya yi hatsari.

Bai sake takawa da ƙafarsa ba,
Los Anjalis ba ta ga wasansa ba ko na marmari.

Amma ran 7 ga Mayun 1959, a Coliseum,
Mutum 93,103 suka zo suka cika wuri.

Reese ya turo kekensa tsakiyar fili,
Aka kashe fitilu duka, bisa shiri.

Kowa ya kyasta ashana ya ɗaga sama,
Don mutumin Buruklin aka yi wannan alheri.

Sai Sandy Koufax, shi ma haihuwar Buruklin,
Bahagon majefi mai jifa da ƙwari.

Ran 9 ga Satumban 1965 ya fuskanci Cubs,
Mutum 27 suka zo, suka koma a jeri.

Ba wanda ya taka ko zangon farko,
14 cikinsu da jifa kaɗai ya kore su, sai haƙuri.

Wasan farko na kofi ya faɗo ran Yom Kippur,
Ranar azumin Yahudawa, babba a tsari.

Ya ajiye ƙwallo ya zaɓi ibadarsa,
Mai azumi ya san nauyin wannan ƙuduri.

Ya dawo a wasa na 7 da hutun kwana 2,
Ya hana Twins ko maki, kofi ya biyo shi gari.

Yana ɗan shekara 30 gwiwar hannu ta gaza,
A 1966 ya yi sallama, ya bar fage da wuri.

Malama Mai Alli

Ɗana, ba zan bari a wuce shekarar 1959 ba tare da an faɗi ɗaya gefen ba. Buruklin ba ita kaɗai ta yi asara a wannan ƙaura ba.

Ɗana, ashanar nan ta taɓa ni,
Amma a watan Mayun nan, ka ji ni,
Akwai wani kukan a gefen birni,
Chavez Ravine, unguwar da aka share gaba ɗaya.

'Yan asalin Meziko ne mazauna,
Da makaranta da coci da 'yar gona,
Hukuma ta yi alkawarin sabon wurin kwana,
Suka sayar da arha, suka kama hanya.

Gidajen nan ba a taɓa gina su ba,
Waɗanda suka rage ba su yarda ba,
Jami'an tsaro ba su saurara musu ba,
Aka ciccibo mace waje, katafila na tafe a baya.

A 1962 Dodgers ta buɗe gida a wurin,
Da yawansu suka ƙaurace wa filin,
Sai a 1981 aka ga sauyin lamarin,
Da wani yaron Sonora ya girgiza duniya.

Fernando Valenzuela, bahago shi ma,
In zai jefa sai ya ɗaga ido sama,
Wasa 8 na farko da nasara ya gama,
5 a ciki ba a ci shi maki ko ɗaya.

Masu jin Sifananci suka cika kujeru,
Iyaye da 'ya'ya a filin suka taru,
Cin Yankees a wasan kofi shi ma ya faru,
Amma gidajen da aka rushe ba su dawo ba, gaskiya.

Kawu Na-Boronks

Malama kin tuno min 1981, na karɓa,
Mun ci 2 na farko, 4 kuka jera.

Amma muryar da ta ba ku labarin duk wannan,
A Boronks aka haife ta, nan ta fara.

Vin Scully, daga 1950 har 2016,
Kaka 67 yana sharhi, shekara bayan shekara.

Ya bi ku daga Ebbets har bakin teku,
Har a cikin fili da rediyo ake saurara.

Ɗan Auta Na-Yamma

Kawu, tunda ka kira Scully, ga daren da ya sharhanta,
15 ga Oktoban 1988, a zuciya bai yi nisa.

Oakland na gaba 4 da 3 a zubi na 9,
An fitar da biyu, saura ɗaya a ƙarasa.

Kirk Gibson na ɗaki, ƙafafu biyu sun ƙi,
Ko gabatarwar farko bai fito ba, ya kasa.

Koci Lasorda ya sako shi, ya taho yana ɗingishi,
Eckersley ke jifa, gwanin rufe wasa.

Ya kai gaɓar da kuskure ɗaya zai kore shi,
Yana ta kare kansa, ƙafa na rawa a ƙasa.

Mike Davis ya sace zango na biyu,
Sai Eckersley ya sako mai lanƙwasa.

Da ƙarfin hannu kawai ya ɗebe ta,
Ta haye katangar dama ta faɗa can nesa.

Ya zagaye zango yana jan ƙafa, hannu a dunƙule,
5 da 4, kuma bugunsa ke nan ɗaya a duk gasa.

Shekara 36 bayan nan, 25 ga Oktoban 2024,
Fili ɗaya, wasan farko, tarihi ya sake kansa.

Freddie Freeman da ciwon idon sawu,
Zubi na 10, Yankees na gaba, nauyi na wuyansa.

Zango uku cike, Cortes ya sako jifan farko,
Ya aika ta katangar dama, ya ɗaga sandarsa.

6 da 3, ba a taɓa rufe wasan kofi haka ba,
Ya ruga bakin raga ya riƙe hannun babansa.

Kwana 3 kafin nan Fernando ya rasu,
Duk 'yan wasa na ɗauke da 34, lambarsa.

Ƙanwar Zaure

Iyayena kun ba ni na da, na gode,
Ga nawa ɗan kaɗan, na wannan zamani.

Ran 19 ga Satumban 2024, a Miami,
Bugu 6 cikin 6, na Shohei Ohtani.

3 sun haye katanga, ya kawo maki 10,
A waya na kalla, na yi ta maimaita gani.

Ranar ya cika 50 na katanga, ga 50 na satar zango,
A kaka guda ba wanda ya haɗa kafin wannan gwani.

A 2025 kuma, Toronto, wasa na 7,
Rojas ya farke a zubi na 9, kun sani.

Will Smith ya haye katanga a na 11,
Yamamoto da ya yi jifa jiya ya gama bayani.

Baba Na-Buruklin

Madalla 'yata, Allah ya yi albarka, baki ya buɗe. Ɗan Auta, majefi Hershiser da zubinsa 59 a jere ba a ci shi maki ba a 1988 yana wuyanka, haka kofin 2020 da ya zo bayan jiran shekara 32. Ƙanena na Boronks, kai ma da sauran bashi: wasa na 5 na 2024, daga bakinka muke son jin sa.

Kawu Na-Boronks

Yaya ka taɓo inda ke mini ciwo,
30 ga Oktoba ce, ba musu ba gardama.

Muna 5 da 0, Cole na jifa lafiya,
Zubi 4 ba ɗan Dodgers da sandarsa ta kama.

A na 5 Judge ya saki ƙwallo daga safarsa,
Irin wadda yake cafkewa kullum ba fama.

Volpe ya jefa zango na 3, ta daki ƙasa,
Cole bai rufe na farko ba, Betts ya samu dama.

Freeman ya kawo 2, Teoscar ya kawo 2,
5 da 5, filinmu ya yi tsit, jiki na kyarma.

Mun sake wucewa da ɗaya a zubi na 6,
A na 8 suka ci 2, a nan aka gama.

Buehler ya zo ya rufe, 7 da 6,
A Boronks, irin na 1955 da 1981, suka ɗaga kofi sama.