"Hakin da ka raina": ya dace da daddoyar daji?

Ɗan Kumo: Salamu alaikum. Gardama muke da abokina a kan daddoyar daji, wannan mai ƙarfin wari da ke cika gefen hanya da bayan gari da damina. Na ce masa hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, tunda ciyawar da muke sarewa ita tsofaffinmu ke turarawa su kori sauro. Ya ce wai na ajiye maganar a inda ba gurbinta ba. Ku raba mu.

Malamin Hausa, Misau: Wa alaikumus salam. Abokinka ya fi ka gaskiya. Tsone ido ai cuta ce. Ana faɗin haka ne idan wanda ba ka ɗauka a bakin komai ba ya yi maka illa. In amfanin abin da aka raina kake nufi, sai ka ce raina kama ka ga gayya.

Hajiya, unguwar Wunti: Malam, a gafarce ni. Mu a gida ko yarinyar da ake ganin ba ta iya komai ta zo ta ɗaya a aji, haka muke cewa. Ido ya tsonu tunda mai raini ya ji kunya.

Malamin Hausa, Misau: To ai Hajiya kin zo inda nake. Akwai wanda ya ji ciwo, mai rainin. Shi kuwa wannan da aka kore masa sauro, ina nasa ciwon?

Ɗalibar noma, Dadin Kowa: Kafin a yi nisa, kada wani ya tsinko ta ya zuba a farfesu yana zaton daddoyar gida ce. Danginsu ɗaya, har da na'ana'a: kara mai kusurwa huɗu, ganye biyu-biyu suna fuskantar juna. Amma ta dajin gashi-gashi ne duk jikinta, furenta ƙanana masu shuɗi, tana iya kai tsayin mutum. Kuma baƙuwa ce, asalinta ƙasashen zafi na nahiyar Amurka. Warin nan daga man da ke ganyenta yake, shi ya sa wasu manoma ke shimfiɗa busasshiyarta a rumbu saboda ƙwarin wake.

Baffa makiyayi, Alƙaleri: 'Yata, kin faɗi alherinta, bari in faɗi sauran. Saniya ba ta cin ta. Duk inda aka cinye ciyawa ƙasa ta yi fili, nan take shiga, ta yi duhu, ta hana ta kirki fitowa. Ƙwanson irinta na maƙalewa a jikin dabbobi, su da kansu suke kai ta gaba. Da ana ganin ɗaya-ɗaya a bakin burtali, ba wanda ya kula. Yanzu je ka duba. Yaron nan bai yi kuskuren karin magana ba, dalilin ne bai kawo daidai ba.

Ɗan Kumo: Baffa, Allah ya ƙara girma. Wato in ce wa abokina na ci ke nan?

Hajiya, unguwar Wunti: Da hujjar aro? Kai dai ka saya masa shayi.

Baffa makiyayi, Alƙaleri: Ku sha shayinku, amma in kana da ita a bayan gida, tuge ta kafin ta zubar da iri. Ka shanya a inuwa, ga maganin sauronka.