Na kama shago a tasha, ta ina zan fara gyara?

Assalamu alaikum jama'a. Na kama shago a cikin wata tashar mota a nan Gombe, ƙafa 10 da 12, na biya hayar shekara. Ruwan sanyi da lemo da biskit zan zuba, sai cajin waya da POS. Kasuwa kam akwai ta, tun kiran assalatu motocin Kano da Yola ke lodi. Sai dai shagon ya ji jiki: silin ya ruɓe ta gefe ɗaya, daɓe ya farfashe, wayoyin wuta kamar saƙar gizo-gizo. Dubu 700 ke hannuna, kuma raina na kan tayil da POP (silin ado na filasta) da fitilu, don mai wucewa ya gani ya tsaya. Damuwata, maƙwabciyata ta hannun dama abinci take sayarwa, na haguna mai shayi ne, ga mutane ba sa yankewa. Yaya za a yi aikin ban cika musu kwano da ƙura ba? Sannan wanda ya ba ni shagon shi ma a hannun hukumar tashar ya samu.

Mai wayarin:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, ajiye zancen POP tukuna. Silin ba ya ruɓewa don kansa, kwano ne ke yoyo, ka hau ka duba kafin damina ta kankama. Wayoyin nan kuma a kwashe su kakaf. Ta 1.5mm ta fitilu ce, ta 2.5mm ta soket, firiza kuma a ja mata layinta ita kaɗai da nata bireka. Kada ka jona wayoyi talatin a kan ekstenshan guda, haka gobarar shaguna da yawa ke tashi. In ka je sayen waya ka kankare bakinta da wuƙa, in ciki ya yi fari alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, ka bar musu kayansu. Kuma a bi da ita cikin fayif ta saman bango, ba sai an sassaƙe gini ba, ka ga ƙura ta ragu.

Hajiya mai tuwo:
Ƙanena, Allah ya yi maka albarka da ka tuna da maƙwabta. An taɓa yi min haka, maƙwabci ya kawo injin yankan tayil ana tsaka da abincin rana, miyar kuka ta ranar zubar da ita na yi. Ka je ka gaishe su, ka faɗa musu ranar da za ka fara. Fashe-fashe da yanka a bar su sai bayan isha'i, mota ta yi sauƙi, amma ka tambayi mai shayin, su wasu har tsakar dare suke kaiwa. A rufe ƙofa da tamfol, a riƙa yayyafa ruwa, ɓaraguzai kuma a kwashe kafin asuba. Ka sanar da masu gadi da 'yan kamasho, kar a ɗauki leburorinka ɓarayi. Abincin ma'aikatan kuma a wajen matar nan za ka saya, za ka ga fuska ta saki.

Birkila daga Bauchi:
Ni ban yarda a yar da tayil ba, wurin firiza kullum a jiƙe yake, daɓen siminti ba ya jurewa. Amma mai kaushi, ba mai sheƙi ba, kar fasinja ya zame da jakarsa. A shimfiɗa rabi, a ba shi kwana guda kafin a taka. Silin kuwa na roba, wato PVC, ya ishe ka.

Baba tsohon ma'aikacin reluwe:
Yaro, duk sun yi maganar bango, ni takarda zan yi. Layin dogo ya iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963, ya kai Maiduguri a 1964, kuma mu da muka yi aiki a kansa mun san ko teburin rake ba ka kafawa a tasha sai da izinin mai fili. Yau jirgi ba ya zuwa, amma filin na nan da mai shi. Tashar mota ma haka take. Ka ga takardar da aka ba mutumin nan da idonka? An yarje masa ya ba wani haya? A rubuta abu uku, da shaidu: an yarda ka yi gyara, ba za a ƙara maka haya ba har shekara kaza, in an tashe ka kuma me za ka cire, me za a biya ka. Firiza da kanta za ka ɗauka a ka, tayil kuwa ya zama na mai gini.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Na hau sama ɗazu, falle uku ne suka huje. Baba, na yi masa maganar takarda, sai ya ce haba, ai mun zama ɗaya, me ya kawo rubutu tsakaninmu.

Baba tsohon ma'aikacin reluwe:
To ka canja kwanon da wayoyin, wannan don ranka ne da kayanka. Sauran kuɗin ka zuba lemo. Ka ce masa gobe ku je ofishin tashar tare, ka ga ko zai sa takalmi.