Shawarwarin 'Yan'uwa Kan Jaraba da Tuba

A tattaunawar matasan ikilisiya, yawanci sun yarda cewa jaraba ita kanta ba zunubi ba ce, tunda Yesu ma an jarabce shi a jeji. Shawarar da ta fi yawa ita ce a gudu, kamar yadda Yusufu ya bar rigarsa a hannun matar maigidansa Fotifar sa'ad da ta neme shi.

Kan tuba aka fi jan magana. Wani dattijo ya ce hawaye kaɗai ba su isa ba, sai an mayar wa mutane haƙƙinsu kamar yadda Zakka mai karɓar haraji ya yi. A ganina ya yi gaskiya. Wasu kuma suka tuna cewa Allah ya gafarta wa Dauda zinar da ya yi da Batsheba, amma duk da haka ɗan da ta haifa masa ya mutu.