Wace kalma za mu ba "kinnui" da "shem hakodesh"?

Jama'a, ina rubutu kan yadda Yahudawa ke raɗa wa ɗa namiji suna, sai kalmomi biyu na Ibrananci suka tsaya mini a wuya. Na kawo su nan mu yi shawara.

Su a rana ta 8 suke yi, tare da kaciya, bisa umarnin kaciyar da ke littafin Farawa na Attaura, 17:12. Da mai kaciyar ya gama, sai a yi addu'a a ce a kira yaron wane ɗan wane a cikin Isra'ila. Wannan sunan shi ne shem hakodesh. Da shi ake kiran mutum ya fito karatun Attaura, shi ake rubutawa a takardar aure, shi kuma ake sassaƙawa a dutsen kabari.

Wani malami ya ce mini, "Ai sunan yanka ke nan, ɗana, kada ka wahalar da kanka." Na girmama maganarsa, amma raina bai kwanta ba. Sunan yanka da rago yake tafe, su kuwa ba a yanka dabba don raɗin suna. In na rubuta haka, mai karatu zai hango rago ɗaure a ƙofar gida da wanzami riƙe da aska, alhali ba haka abin yake ba. "Suna mai tsarki" fassara ce ta kai tsaye, sai dai Bahaushe zai ɗauka sunan Allah ake nufi. Ni na fi karkata ga "sunan ibada", tunda a nan aikinsa yake.

Ta biyun ce ta fi burge ni. Kinnui shi ne sunan da ake kiran mutum da shi a gida da kasuwa, kuma a wurin Yahudawan Turai, wato Ashkenazi, sau da yawa manne yake da sunan ibadar. Yahuza shi ne Leib, zaki da harshen Yidish. Biliyaminu shi ne Wolf, kyarkeci. Naftali shi ne Hirsh, barewa. Duk daga albarkar da Yakubu ya sa wa 'ya'yansa a Farawa 49 aka samo su.

Da na ga haka sai na tuna Yusufu Maitama, Umaru Sanda, Musa Kalla, Usman Shehu. Ko Aliyu da muke ce wa Haidar, ai zaki ne shi ma!

Wata 'yar'uwa ta kawo "alkunya", kuma da hujjarta, domin kinnui da kunya ta Larabci tushensu ɗaya. Amma a bakinmu alkunya ta zama ta sakaya suna: uwa ba ta iya faɗar sunan surukinta, sai ta kira ɗanta Abba. Su ba nauyin suna ke sa su yin kinnui ba. Ashkenazi ma sai mutum ya rasu suke mayar da sunansa, Sefardi, wato Yahudawan da asalinsu Andalus ne, su ne ke yi wa kaka takwara yana raye, kuma ba su ɓoye sunan.

"Laƙabi" ya yi faɗi, har Dogo da Gajere yana kwashewa.

Don haka na tsaya kan "inkiya". A rubutuna zan sa: Yahuza sunan ibadarsa, Leib inkiyarsa. Wanda ke da abin da ya fi "sunan ibada" zama daram, don Allah ya kawo, ban rufe wannan ba tukuna.