Muhawara: Shin Tankar Sherman Makara Ce Ga Sojojin Da Suka Shige Ta?

Ɗalibi: Assalamu alaikum. Malamai, na sha jin ana cewa tankar yaƙin Amurka ta M4 Sherman makara ce ga sojojin da suka shige ta a Yaƙin Duniya na Biyu, har ana cewa sai guda biyar sun taru kafin su iya kashe tankar Tiger ɗaya ta Jamus. Ina roƙon a warware mini gaskiyar wannan magana.

Barista: Wa alaikumus salam, ƙanena. A ganina maganar tana da tushe. Igwar da aka fara ɗora wa Sherman, mai milimita 75, ba ta iya huda sulken gaban tankar Jamus mai suna Panther, kuma sojojin da suka yi yaƙi a yankin Normandi na Faransa a 1944 sun ga haka da idonsu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne manyan sojan Amurka sun haɗu da Tiger tun a Tunisiya, amma suka ci gaba da bin ra'ayin Janar Lesley McNair na cewa farautar tankokin abokan gaba aikin wasu motocin igwa ne na daban. Ga shi kuma tankar Amurka ta Pershing, mai babbar igwa da sulke mai kauri, ba ta shiga fagen daga ba sai a farkon 1945.

Injiniya: Barista, da izininka, ya kamata a fara duba lokacin da aka tsara Sherman da kuma inda aka nufa da ita. Kafin Sherman akwai M3 Lee, wadda babbar igwarta ke maƙale a gefen jikinta, ta yadda sau da yawa sai an juya tankar gaba ɗaya kafin a saita harbi. An gyara wannan a samfurin gwaji na Sherman mai suna T6 a watan Satumban 1941, aka fara ƙera Sherman a Fabrairun 1942, kuma a watan Oktoban shekarar Turawan Birtaniya suka shiga da ita yaƙin El Alamein a Masar, inda ta yi daidai da mafi kyawun tankokin Jamus da ke wurin. Nauyinta na kusan tan 30 ba rowar ƙarfe ba ce, domin kowace tanka sai an ɗora ta a jirgin ƙasa, an loda ta a jirgin ruwa, ta ƙetare teku, sannan ta bi ta kan gadojin wucin gadi. Saboda ƙarancin injuna ma aka yi ta iri-iri: wata da injin jirgin sama, wanda shi ya sa ta yi tsayi, wata da tagwayen injin dizal, wata kuma Chrysler ta haɗa mata injunan mota biyar wuri guda. A haka aka ƙera kusan 50,000, alhali Jamus ta ƙera Tiger ta farko kimanin 1,350 da Panther kimanin 6,000, waɗanda da yawansu lalacewa da rashin mai suka tsayar da su.

Malamin Tarihi: Zan ƙara da batun guda biyar ɗin nan. Ƙaramin rukunin tankokin Amurka dama guda biyar ne, don haka ko me za a je a tunkara, a ƙa'ida su biyar suke tafiya. Kuma a yaƙin Arracourt a Faransa, cikin Satumban 1944, sojojin Amurka da galibin tankokinsu ke ɗauke da igwar milimita 75 sun yi wa sababbin Panther mummunar ɓarna, saboda sun fi matuƙansu horo da sanin wurin. Sherman da yawa igwar da aka ɓoye a bayan shinge da nakiyoyi ne suka hallaka su, kasancewar mai kai hari shi ne yake fitowa fili.

Barista: Malam, to ina batun yadda Sherman ke saurin kamawa da wuta? Wannan ba ƙage ba ne, kuma an ce fetur ɗin da take sha ne sanadi.

Injiniya: Wutar gaskiya ce, amma tankokin Jamus ma fetur suke sha. Babban sanadin shi ne ajiye harsasan igwa a gefunan tankar, daidai inda harbi ya fi samu. A 1944 aka mayar da su ƙasan tankar cikin akwatunan da ruwa ya kewaye, aka kuma faɗaɗa ƙofofin fita, sai gobarar ta ragu ƙwarai.

Barista: Wannan bayanin naka, Injiniya, shi ne hujjata. Gyaran bai zo ba sai bayan mutane sun shafe fiye da shekara suna ƙonewa a Arewacin Afirka da Italiya. Birtaniya ta ɗora wa Sherman igwarta mai ƙarfi, ta kira ta Firefly, ta sauka da ita a Normandi tun farko, yayin da kwamandojin Amurka suka bar nasu Sherman masu sabuwar igwar milimita 76 a Ingila sai a watan Yuli suka nemi a kawo su. Ina so Malam ya gaya mana wanda ya kamata ya ɗauki alhakin wannan jinkirin.